Ɗigo Ɗaya

Ƙarfe biyu na dare, Zango ya yi tsit,
sai injin maƙwabci da ke tari.
Wuta ta tafi tun magariba,
batir ya ce saura talatin da ɗaya.
Na buɗe kundin da ba shi da suna,
lamba ce kawai, sha bakwai.
Amma a Damagaram lamba ba ta ɓoye mutum:
na san yatsan da ya dangwala takardar yarda,
na Barira ne, mai ƙosai a bakin Kasuwar Dole,
wadda ke min gyara ko ban roƙa ba.

Tsokar da likita ya yanko daga ƙirjinta
ta yi tafiyar da ita ba ta taɓa yi ba:
mota zuwa Yamai cikin ƙanƙara,
jirgi, wani ɗaki mai sanyi a ƙetare,
sannan ta dawo min haruffa.
Huɗu ne rak, ana ta juya su
har biliyan uku, babu aya, babu wasali.

Kakana Malam Kyari, can cikin Birni,
da kwafar littattafai ya ci da gida.
Yakan ɗaga alƙalami ya ce,
ɗigo ɗaya ke raba dal da zal,
ƙuda ma in ya sauka a tawada, ya isa ya sauya magana.
Jiki ma kwafa yake yi, Kaka,
dare da rana, ba ya jiran fitila,
kuma wata rana hannunsa kan zame.

Manhajar tana jera guntaye
kamar mai haɗa shafin da gara ta ci.
Ta ajiye mai lafiya a sama, mai ciwo a ƙasa,
tana bi layi layi,
ni ina hura shayin da ya riga ya huce.
Kuskure dubu huɗu da ɗoriya.
Yawancinsu ƴan rakiya ne.
Ɓarawon ɗaya ne, ko biyu,
ya saje cikin masu jaje.

Sai na buɗe taswirar hanyoyi.
Lungunan Birni ne sak:
wannan zaure ya aika wa wancan,
wancan ya leƙa katanga ya ce, ku hayayyafa,
wani tsoho a ƙarshen lungu ya ce, ya isa.
A jikin Barira tsohon ya kurumce.
Famfo ne da ya ƙi rufuwa,
a garin da muke kwana kan layi da jarkoki.

Na ga wurin. Ja ne a allo,
bai kai ƙwayar gero ba.
Na tambayi babban rumbun duniya,
inda aka tara jinin mutane dubu ɗari ɗari,
ya ce: ba a san ma'anarsa ba.
Yaya za a sani?
Wa ya zo Mirriya ya tambaya?
Wa ya ƙirga Tanut?
Rumbu ne cike da hatsin wasu gonaki,
namu ko zangarniya bai kai ba.

Ba ni da magani a hannu.
Ba zan je gadonta gobe in ce na gano ba.
Abin da nake da shi layi ɗaya ne
da zan ƙara a rumbun,
domin in wata mai lamba ta zo bayanta
kada a ce ba a taɓa gani ba.

Saura huɗu. Na adana, na rufe.
Ladan ya gyara murya.
Ta taga ƙamshin mai ya fara shigowa:
ƴarta Gaptiya ce ta hura wutar yau,
ƙullun ya ɗan yi ruwa, in ji masu saye,
amma tana koyo.